Wai "puddle" ta ruwan sama ce kaɗai?

Maman 'Yan Biyu: Assalamu alaikum. Jama'a ku raba mu gardama. An ba ɗana aikin gida na Turanci, ya rubuta cewa ya ga "a puddle of oil" a ƙarƙashin motar babansa. Malaminsu ya zabga masa jan biro, wai ruwan sama kaɗai ake kira haka. Yaro har da hawaye.

Malamin Turanci: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ban ga laifin malamin sosai ba. Ki ambaci kalmar a gaban Bature, abin da zai fara zuwa ransa shi ne ɗan ruwan da ya kwanta a titi bayan an ɗauke ruwa. Tushenta ma tsohuwar kalmar Turanci ce mai nufin rami ko magudana.

Bakanike: Malam, da girmanka, nan ka kauce. Duk bidiyon gyaran mota da nake kallo, in baƙin mai ya ɗiga ya taru a ƙasa, da ita suke kiransa. Su da harshensu za mu yi wa gyara?

Malamin Turanci: Ban ce haramun ba ne. Da "of" a bayanta tana ɗaukar mai, madara, har gumi. Amma jini, "pool" suka fi cewa.

Bakanike: To ai yaron ya sa "of" ɗin!

Ɗaliba: Ni mu kududdufi aka fassara mana ita a aji.

Baffa: Kai! Wa ya gaya miki, 'yata? Kududdufi ramin da aka ɗebi ƙasar gini ne, damina ta cika shi. Irin na cikin birnin Kano, da ake hana mu zuwa muna yara, don yana cin mutum. Wannan abin da suke magana ko akuya ta taka bai kai mata gwiwa ba. Mu "ruwa ya kwanta" muke cewa, in ya gauraya da laka kuma ya zama caɓi.

Ɗaliba: Allah ya ba ka haƙuri, Baffa, yadda aka koya mana na faɗa.

Maman 'Yan Biyu: Ni dai gobe da sassafe ina makarantar. Maki biyu ya zaftare masa.

Malamin Turanci: Ki tafi da ƙamus, Hajiya, kada ki tafi da faɗa.

Bakanike: In kin dawo ki ce Alhaji ya kawo motar. Yoyo take.