Sunan ɗiyata ya sha bamban a NIN da JAMB, neman bashin karatu ya tsaya

Assalamu alaikum iyaye da 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema, kaina ya kulle.

Ɗiyata ta samu gurbin karatu a jami'ar gwamnati a nan Jos. Ni kayan miya nake sayarwa a Farin Gada, ba ni da halin biyan kuɗin rajista a dunƙule, shi ya sa muka nufi bashin karatu na NELFUND, wanda aka fara a 2024. Babu kuɗin ruwa, makaranta ake tura wa kuɗin kai tsaye, kuma sai shekara 2 bayan bautar ƙasa ake fara biya. Wannan ne ya kwantar mini da hankali.

Mun tanadi lambar JAMB, NIN, BVN da takardar shaidar gurbin. Sau uku muna zuwa shagon intanet a Anguwan Rogo, in an zo wajen tantancewa sai abu ya tsaya cik. Jiya yaron shagon ya jera takardun a kan tebur, ya nuna mini da bakin biro: a NIN sunan kakanta ne a ƙarshe, a JAMB kuma sunana. Tun tana firamare muka yi wannan sakaci.

To wanne ya kamata a gyara, na NIN ko na JAMB? Takardar rantsuwa daga kotu za ta wadatar? Idan na taɓa NIN, sai na koma banki a gyara BVN ma? Rufe rajista ya matso, yarinyar ko abinci ba ta iya ci. Wanda ya taɓa bin hanyar nan ya taimaka mini.