Kowa ya ci ladan kuturu: wane ne kuturun?

Baban Ummi: Jama'a, gardama ta ɓarke a majalisa bayan Juma'a kan bashin ƙasa, wani dattijo ya rufe ta da "kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski." To wane ne kuturun, IMF (Asusun Ba da Lamuni na Duniya) ko Sin?

Ɗan Damagaram: IMF mana. Askinta a rubuce yake: karya darajar kuɗi, janye tallafi, sayar da kamfanonin gwamnati. A Janairun 1994 mun kwana farank ɗin Faransa yana sefa 50, muka wayi gari yana 100. Magani da taki duk suka tashi.

Malama Indo: Maganar ba ta zauna a kan Najeriya ba. A 1985 jama'a sun ƙi bashin IMF, amma 1986 Babangida ya kawo SAP, shirin gyaran tattalin arziki irin na IMF. Ina ladan?

Ɗan Damagaram: Ladan yana nan, Malama. Ƙasashen da ke bin Najeriya ba su yarda su ɗaga lokacin biyan tsohon bashi ba sai da IMF ta amince da tsarin.

Na Kurmi: Sin ba ruwanta da yadda kake mulki, sharaɗinta cikin kwangila yake. Bankin Exim nata ya ba da dala miliyan 500 na jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna, kamfaninta CCECC ya yi aikin. A 2024 Nijar ta karɓi dala miliyan 400 daga CNPC, kamfanin man Sin, a kan za ta biya da ɗanyen mai.

Hajiya Laure: Wannan shi ne bashin damina da kakata ke ba da labari. Lokacin da rumbu ya ƙare, dillalin gyaɗa zai ba manomi kuɗin buhu ɗaya, da kaka ya auni biyu. In ruwa ya ɗauke, bashin ya koma baɗi da ƙari, a shekara ta uku gona ta tafi jingina. Ita ba ta zagin dillali. Takan ce mai gidan da ya sayar da hatsi da kaka don ƙara aure shi ya kira shi.

Na Kurmi: Allah ya jiƙan kaka. Masu ƙara auren namu suna nan, su ci lada a ofis, talaka ya riƙe aska.

Malama Indo: Ni fa na tashi ina jin karin maganar a kan cika alkawari, ba zalunci ba. Kuturun ai biya ya yi.

Baban Ummi: Hajiya, gyaɗar wane yanki ce, Gumel ko Kazaure?