Yaya ake tabbatar da lissafin manhaja kafin a miƙa zanen mahaɗar ƙarfe?

Sabon Injiniya: Assalamu alaikum. Ofishinmu ya fara gwada manhajar IDEA StatiCa wajen zana mahaɗar bim da ginshiƙi a wani sito na ƙarfe, kuma aikin da kan ci mana yini guda yanzu kafin azahar an gama. Abin da ke damuna shi ne, da zarar manhajar ta nuna kore, alamar cewa mahaɗar ta yi daidai, sai kowa ya saki jiki, ni kuwa ban san ta inda zan kama ta ba idan ta yi kuskure. Manya, wace hanya kuke bi?

Tsohon Hannu: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka fara jarraba ta da abin da ka riga ka san amsarsa. Ɗauki bol M20 mai daraja 8.8: a ƙa'idar Turai ta zanen ginin ƙarfe, Eurocode 3, kashi na 1-8, idan ƙarfin da ke neman yanke bol ɗin ya bi ta kan zarensa, za ka ninka 0.6 da 800 (ƙarfin ƙarfen bol ɗin) da 245 (faɗin fuskar zarensa) ka raba da 1.25, ka samu kusan kilonewton 94, wato nauyin da bol ɗaya zai iya ɗauka. Ka shigar da mahaɗa mai bol biyu kacal, ka ga ko za ta ba ka wannan adadi a kan kowane bol. Idan ta saɓa, ka duba ƙa'idar da aka saita mata, domin ofisoshinmu da yawa har yau da ƙa'idar Birtaniya ta BS 5950 suke aiki. Sannan ka tabbatar nauyin da ka ba ta shi ne wanda lissafin ginin gaba ɗaya ya fitar. Rufin ƙarfe na zauren wasanni na Hartford a Amurka da kwamfuta aka lissafa shi, amma a 1978 ya rufto bayan dusar ƙanƙara ta taru a kansa, saboda yadda aka tokare sandunan a zahiri bai yi daidai da abin da lissafin ya ɗauka ba.

Mai Walda: Yallaɓai, ku riƙa tuna mu ma. An taɓa kawo mini zane mai kyau wanda bol ɗinsa ya matse da faranti har sifana ta kasa shiga, sai da muka tsayar da aiki kwana biyu.

Tsohon Hannu: Gara da kuka tsaya, Malam, ba ku gyara da kanku ba. A otal ɗin Hyatt Regency na Kansas City, an mayar da sandar da ke rataye da gadojin tafiya na cikin otal ɗin daga ɗaya zuwa biyu don sauƙin haɗawa, nauyin da ke kan mahaɗar ya ninka, gadojin suka rufto, mutum 114 suka rasu a 1981.

Sabon Injiniya: Na gode ƙwarai. Gobe in Allah ya kai mu zan fara da bol biyun, kuma zan kai wa mai waldarmu zanen ya duba kafin a sa hannu.