Tambaya: in an ce za a iya cire sikila daga zuri'a gaba ɗaya, mu yarda?

Maman Walid

Assalamu alaikum. Tambayata ga ma'aikatan lafiya ce da malaman da ke tare da mu, kuma don Allah a gaya mini gaskiya ko da ba za ta yi mini daɗi ba.

Ɗana na biyu yana da amosanin jini, SS ne. Ni AS ce, babansa ma AS, mun yi aure lokacin da ba mai maganar gwajin jini a unguwarmu. In ciwon ya tashi masa, musamman da hunturu, sai ya dunƙule a kan tabarma ya rungume ƙwaurinsa, idanunsa sun yi ɗorawa, ya ce Mama danna mini, in na danna ya ce saki da zafi. Shekararsa sha ɗaya, amma ƙanwarsa ta kamo shi a tsawo.

Na ji cewa a Nuwamban 2023 Ingila ta amince da wani magani mai suna Casgevy, Amurka ta biyo baya a Disamba, wai ana gyara ƙwayoyin halittar mai ciwon ne har ya daina tashi. Kuɗinsa dala miliyan 2.2, wannan kam ba namu ba ne tukuna. Sai kuma na ji labarin wani masani a Chaina da aka ɗaure saboda ya yi irin wannan gyaran a kan jarirai tun kafin su shiga mahaifa.

Nan na ruɗe. Me ya sa aka yaba wa waɗancan aka ɗaure wannan? Ni da za a ce mini ga takarda, sa hannu jikokinki ba za su gaji sikila ba har abada, wallahi hannuna ba zai yi rawa ba. Amma ƙanena da ya karanta bayoloji ya ce mini wannan S ɗin da nake tsinewa ita ce ta kare kakanninmu daga zazzaɓin cizon sauro. Gaskiya ne? Kuma shin wannan aikin bai shiga canja halittar Allah ba?

Abu Hanan

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah Ya ba Walid lafiya, Ya saka miki da alheri a kan jinyar. A ɗakin gwaje-gwajen asibiti nake aiki, jinotayif kusan kullum sai na yi shi.

Ƙanenki ya yi gaskiya. Wani likita mai suna Anthony Allison, wanda ya tashi a Kenya, shi ya nuna haka a 1954. Ya lura masu ɗauke da S sun fi yawa a bakin teku da gefen tafki inda sauro ya yi katutu, sun yi ƙaranci a kan tuddai masu sanyi. Da ya duba jinin yara sai ya ga ƙwayar zazzaɓin ba ta samun sakewa a jikin masu AS. Binciken da aka yi daga baya ya nuna yaro mai AS yana da kariyar da ta kai kusan kashi 90 cikin 100 daga mummunan zazzaɓi, irin mai kai yaro ga suma da jijjiga.

Ki ɗauki ƙauye a zamanin da babu kinin babu gidan sauro. Damina ta zo, zazzaɓi ya ɗebi yara masu AA da yawa, amosanin jini ya ɗauke masu SS tun suna ƙanana, masu AS su ne suka fi kaiwa ga girma, su yi aure su haifa. A maimaita wannan shekara dubbai. Shi ya sa yau kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yake ɗauke da S, kuma ake haifar jarirai kimanin 150,000 masu ciwon a kowace shekara, fiye da kowace ƙasa. Haka ake samun ta a Indiya da gabashin Saudiyya da Girka, duk inda zazzaɓin ya daɗe. Irin wannan sauyin ne ya sa Fulani da yawa suke shan madarar shanu har tsufa ba ta ɓata musu ciki, alhali yawancin manya a duniya jikinsu ba ya narkar da ita.

Game da bambancin gyaran biyu kuwa. A Casgevy, ana ɗebo uwayen ƙwayoyin jini na mai ciwon, waɗanda ɓargo ke samarwa, a kai su ɗakin gwaji. Da dabarar CRISPR, wadda Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier suka samu kyautar Nobel a kanta a 2020, sai a yanke wani ɗan wuri a ƙwayar gado mai suna BCL11A. Aikin wannan ƙwayar shi ne kashe irin jinin da jariri ke yi a ciki bayan an haife shi. In an hana ta aiki, sai jiki ya koma yin jinin jarirai, shi kuwa ba ya lanƙwashewa kamar lauje yadda jinin mai sikila ke yi. Kin lura ai Walid bai fara ciwo ba sai da ya yi wasu watanni a duniya, to dalilin ke nan. A gwajin da hukumar magunguna ta Amurka ta duba, mutum 29 cikin 31 sun shekara ciwon bai tashi musu mai tsanani ba. Sai dai kafin a mayar da ƙwayoyin dole a ba mutum magani mai ƙarfi irin na masu ciwon daji ya share tsohon ɓargon, gashi ya zube, baki ya yi gyambo, kuma yana iya hana haihuwa. Daga shekara 12 aka amince a fara. Kuma gyaran a jikin mutumin yake tsayawa, 'ya'yansa za su gaji S yadda aka saba.

Shi kuwa masanin Chainan da kika ji labarinsa, He Jiankui na birnin Shenzhen, a Nuwamban 2018 ya sanar da haihuwar tagwaye mata da ya taɓa musu ƙwayar CCR5 tun suna ɗan tayi a kwalba, wai don kada su kamu da ƙanjamau. Yaran lafiyarsu lau za a haife su ko bai taɓa ba, domin akwai hanyar da aka sani ta kare jariri daga ƙanjamaun da uba ke ɗauke da shi. Da masana suka duba bayanansa, yankan bai fito yadda ya nufa ba, kuma ba duka ƙwayoyin jikin yaran ne suka sauya iri ɗaya ba. Duk abin da ya ɓata, 'ya'yansu za su iya gada. A Disamban 2019 kotu ta ɗaure shi shekara uku.

Ni a ganina ko da hannun masana ya faɗa sosai, share S daga al'umma alhali sauro yana nan ba hikima ba ce. SS ce ciwo, AS kuwa har gobe tana ceton yara a ƙauyukanmu.

Almajirin Zaure

Maman Walid, Allah Ya sa kaffara ce. Ayar da kike nufi ita ce ta 119 a Suratun Nisa'i, inda Shaiɗan ya sha alwashin umartar mutane su canja halittar Allah. Malamai ba su shigar da magani cikinta ba. Da sun shigar, da ɗinke leɓen jaririn da aka haifa a tsage ma ya haramta. Hadisin Usama bn Sharik da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito ya umarce mu da neman magani, domin Allah bai saukar da cuta ba sai da Ya saukar da maganinta.

Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa ta zauna a Makka a 1998 a kan wannan ilimi. Ta halatta amfani da shi don rigakafi da warkarwa matuƙar bai jawo cutar da ta fi ba, ta hana a yi wasa da halittar mutum da sunan inganta iri. Shekara guda kafin nan majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta haramta kwafar ɗan Adam a zamanta na Jidda. Saboda haka irin na Casgevy magani ne, ban ga abin hani ba. Na zuri'a kuwa akwai haƙƙin wanda ba a haifa ba, ba wanda ya nemi izininsa, kuma kiyaye zuri'a yana cikin manyan manufofin shari'a guda biyar.

Abin da Abu Hanan ya kawo na sauro bai tayar mini da hankali ba. Mu mun yi imani daga Annabi Adamu muke, kuma Suratur Rum ta ambaci saɓanin harsuna da launuka cikin ayoyin Allah. Jinin mutanen wani yanki ya bambanta saboda cutar yankinsu, wannan sababi ne, Mai sababin kuma Shi ya hukunta.

Ummi SS

Mama, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa, ni 'yarki ce. Ina ajin ƙarshe a jami'a, SS ce ni, ƙuguna na hagu ya ci har ina ɗingishi. In aka kawo maganin nan ƙofar gidanmu zan karɓa, ko da zai hana ni haihuwa sai na yi dogon tunani kafin in ƙi. Ba mai son ciwon nan.

Amma duk lokacin da na ji ana cewa a share sikila daga zuri'a, sai in ji kamar mu ake nufi. Na san ba haka kike nufi ba. Sai dai na ji da kunnena wata tana hana ɗanta zuwa wurina, ta ce ba za ta haɗa iri da asibiti ba, alhali shi AA ne, ba yadda za a yi mu haifi SS. Mutanen da ba su bambance wannan ba, in aka ba su ikon zaɓen wanda ya cancanci a haifa, ina za su tsaya? An taɓa yi. Jamus ta kafa doka a 1933, aka yi wa mutane kusan 400,000 aikin hana haihuwa da ƙarfi saboda an ce jininsu bai da kyau, har da kurame da makafi da masu farfaɗiya. A Amurka, har zuwa 1981 makarantar hafsoshin sojan sama ba ta ɗaukar masu AS, mutanen da lafiyarsu ƙalau, kusan dukansu baƙaƙen fata. Duka biyun da sunan kimiyya aka yi su.

Dokar gwaji kafin aure da Kano ta sa wa hannu a 2024 ina goyon bayanta, ya kamata kowa ya san jininsa. Amma a haɗa da koya wa mutane ma'anar sakamakon, kada takardar ta zama tambarin da za a riƙa manna wa 'yan mata.

Baba Na-Fagge

Ni dattijo ne, ban yi bokon da zan shiga zancen ƙwayoyi ba. Abu ɗaya zan tuna muku. A 1996 da sanƙarau ya ɓarke a Kano, kamfanin Pfizer ya zo ya yi gwajin wani sabon magani mai suna Trovan da yara kusan 200. Sha ɗaya sun rasu, wasu a cikin waɗanda aka ba sabon maganin, wasu a cikin waɗanda aka ba tsohon. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba, kamfanin ya musa laifi, aka yi ta shari'a har 2009 da aka sasanta da gwamnatin jiha a kan dala miliyan 75. A tsakani, 2003, mutane suka ƙi rigakafin shan inna, yaran da ba su ji ba ba su gani ba suka shanye. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake.

Ranar da za a kawo wannan gyaran, nan za a zo neman masu ciwon, domin a nan suke. A yi mana bayani da Hausa, likitocinmu su tsaya a kai, kuma a faɗa tun farko nawa za a sayar mana in ya yi kyau.

Maman Walid

Na gode muku duka, Allah Ya bar zumunci. Ummi, 'yata, na karanta naki na kasa ci gaba sai da na tashi na yi alwala. Walid ba abin sharewa ba ne, ke ma haka. Wanda Allah Ya rubuta miki yana nan tafe, kuma uwarsa za ta yi alfahari da ke.

Malam, hankalina ya kwanta a kan maganin. Na zuri'a kuwa na fahimci hujjarku, na yarda abin da mutumin Chaina ya yi ganganci ne da 'ya'yan mutane. Amma ban sauka gaba ɗaya ba. Kariyar da kuke cewa S tana ba al'umma, mu ne muke biyan kuɗinta, mu iyayen da kowane ciki muke zullumin ɗaya cikin huɗu. Ba wanda ya nemi izinin Walid shi ma kafin ya gada. In wata rana aka tabbatar gyaran ba ya cutarwa, ban ga wanda zai tsaya gaban uwa ya ce ta haƙura saboda sauro ba, tunda sauro ana iya yaƙarsa da gidan sauro da magani da allurar rigakafin da aka fara yi wa yara.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne kuɗin. Ciwon a gidajenmu yake, maganin yana inda masu ciwon ba su kai namu yawa ba. An yi dashen ɓargo na farko a Najeriya a asibitin koyarwa na Benin tun 2011, amma uwaye nawa ne a cikinmu suka taɓa jin labarinsa, balle su iya? Mu nan folik asid da Paludrine muke lallaɓawa da su, in jini ya yi ƙasa a shiga neman mai bayarwa cikin dare.

Abu Hanan, likitan Walid ya yi mana maganar haidiroksiyuriya, ya ce ita ma jinin jarirai take ƙarawa. Babansa yana ɗari-ɗari saboda ya ji maganin ciwon daji ne. Don Allah ka yi mana bayanin gwajin jinin da ake yi wa yaro in ya fara sha, da kuma duk wata nawa ake maimaitawa, in nuna masa.