Jaririn da ba ya kuka: ku da kuka riga ni, me kuka gani?

Maman Yarinya, Ringim: Salamu alaikum. 'Yata watanta 4. Likita ya ce an haife ta da ƙarancin sinadarin tayirod, wanda wata 'yar gaɓa a gaban wuya ke fitarwa. An ɗora ta a kan maganin levothyroxine, mai maye gurbin sinadarin, kullum da safe. Ƙwaƙwalwarta ce ke hana ni barci. Yaya naku suka taso?

Kaka, Gaya: Allah ya ba ta lafiya, 'yata. Jikana haka ya zo. Kowa ya shigo barka sai ya ce kai, yaron nan akwai haƙuri! Ashe haƙurin ne ciwon. Sai an tashe shi ya sha nono, shawara ta ƙi sakinsa har bayan arba'in, cibiya ta turo, harshe kamar ya fi ƙarfin baki, kashi sai bayan kwanaki. Muka yi ta jiƙe-jiƙe, ni ce ma kan gaba, ba zan ɓoye ba. Sai da ya shekara ɗaya da rabi bai zauna da kyau ba aka auna jininsa. Yanzu shekararsa 6, yana gudu yana wasa, amma magana a hankali take zuwa, kuma abin da sa'o'insa ke haddacewa a allo cikin mako, shi sai ya ci wata.

Malamin asibiti, Bichi: Hajiya ta faɗi gaskiya. Sinadarin nan da shi ƙwaƙwalwa ke ginuwa, musamman a shekaru 3 na farko. An fi so a fara magani cikin makonni 2 da haihuwa, shi ya sa a Ingila da Amurka ake ɗiban jini a dunduniyar kowane jariri. Kusan jariri ɗaya cikin 2,000 zuwa 4,000 ke zuwa da ciwon. Maman Yarinya, a murƙushe ƙwayar a ɗan nono ko ruwa, a ba ta da cokali. Kada a haɗa da madarar waken suya ko maganin ƙarin jini, suna hana shi shiga jiki. Kuma kada ki daina don kin ga ta murmure.

Baban Ɗalibi, Dambatta: Namu an gano shi da wata ɗaya, yana aji 3 yanzu, lissafi ma ya fi yayansa. Amma ki nemi a duba mata ji. An manna wa ɗana wayoyi a kai yana barci, aka sa masa ƙara a kunne, na'ura ta nuna yadda ƙwaƙwalwar ke amsawa. Kunnen hagu ya ɗan yi rauni, shi ya sa malaminsa ke zaunar da shi a gaba.

Maman Yarinya, Ringim: Na gode ƙwarai. Gwajin jini na gaba ran Talata ne, zan yi wa likita maganar kunnen. Kaka, ita ma tawa sunan da surukata ta sa mata ke nan, Mai Haƙuri.