Idan kun sauka a baƙon gari, a ina kuke cin abinci?

Mai tambaya: Salamu alaikum 'yan'uwa. Ku da kuka saba tafiya ƙasashe, yaya kuke gano abincin da mutanen gari ke ci da kansu, ba wanda ake girka wa baƙi a otal ba? Kowa ya faɗi abin da idonsa ya gani.

Mai sarin kaya: Wa alaikumus salam. Ni agogo nake bi. A Istanbul, da azahar ta yi sai in bi bayan teloli da 'yan dako, su ne za su kai ka gidajen abincin da ake kira esnaf lokantasi. Tukwane na jere a bayan gilashi, ka nuna da yatsa a zuba maka, ba sai ka iya Turkanci ba. Amma ka je da wuri, don kafin la'asar mai daɗin ya ƙare.

Tsohon ɗalibi: Alhaji ya yi gaskiya, lokaci shi ne komai. A Alƙahira da sassafe ake cin ful, wato dafaffen wake, a bakin amalanke, a tsaye, kafaɗa da kafaɗa da masu tafiya aiki. Koshari kuwa, ranar farko na yi mamakin shinkafa da taliya da adas a kwano ɗaya, an barbaɗa soyayyar albasa. Wani dattijo ya turo mini kwalbar ruwan tafarnuwa ba tare da ya ce uffan ba, na zuba, sai abincin ya tashi.

Wata Hajiya: Ni dai ban yarda duk mai daɗi yana kan titi ba. A Dakar na ci ceebu jën, wato shinkafa da kifi irin ta Senegal, a gidan abinci, na ce to, ba laifi. Da wata abokiyar ciniki ta kai ni gidanta muka zagaye faranti ɗaya, uwargida na gutsuro kifi da kabeji tana turowa gabana, sannan ta kankaro mini ƙanzon tukunya, ashe shi ake rububi. A nan na gane dalilin da UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya a 2021. Ku karɓi gayyata idan an yi muku.

Mai tambaya: Hajiya, to maganar halal fa a inda Musulmi ba su da yawa?

Mai sarin kaya: A Guangzhou ta ƙasar Sin ka nufi unguwar Xiaobei, ka nemi shagunan taliyar Lanzhou. Galibi allonsu kore ne, masu girkin na sanye da farar hula, a gabanka za a ja taliyar da hannu. Duk da haka ka tambaya, kada ka dogara da launin allo.

Wani direba: Ba wanda ya ambaci Marrakesh ta Maroko! Ku bar rumfunan dandalin Jemaa el-Fna masu jan hannun baƙi, ku tambayi tanjiya. Nama ne a cikin tulu, ana kai shi wurin mai hura wutar gidan wanka ya binne shi a toka mai zafi na sa'o'i. Idan naka na musamman kake so, tun jiya ake yin oda.