Shekara 47, gwiwa ta fara ƙorafi: in haƙura da gudu ne?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tun ina ɗan shekara 13 nake gudu, yanzu ina 47. Shi ya raka ni lokacin jarrabawa, shi ya riƙe ni da mahaifina ya rasu. Duk ranar da abu ya cushe min, in na yi kilomita biyar sai in dawo zuciyata wasai. A da cikin minti 45 nake cinye kilomita 10, yanzu sai na kusa awa ɗaya, washegari kuma gwiwar dama ta dinga sara in ina saukowa daga bene. Uwargida ta ce girma ya zo, in koma tattaki. Ni kuwa wallahi in na tuna barinsa, ji nake kamar za a raba ni da aminin shekara 34. Ku ba ni shawara.

Wata ma'aikaciyar sashen gashin ƙashi: Wa alaikumus salam Yaya. Ciwon gaban gwiwa da ke tashi wajen saukowa daga bene, galibi daga raunin tsokar cinya da ta ƙugu yake, domin su ne ke daidaita ƙoƙon gwiwa. In sun yi sanyi, nauyin sai ya koma kan gaɓar. Masu gudun motsa jiki ba su fi sauran mutane kamuwa da amosanin gwiwa ba, don haka kada a tsorata ka da cewa gudu ne ke cinye ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya yi atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a mako, kuma shi ne abin da 'yan gudu suka fi yi wa sakaci. Ka riƙa tsugunawa kana miƙewa a hankali, da hawa matakala ɗaya kana sauka. Amma in gwiwar ta kumbura, ko tana sarƙewa, ko tana gocewa, ka je a duba ka kafin ka sake fita.

Wani dattijo: Ɗana, ni 63 nake, har yau ina fita sau uku a mako. Abin da ke damunka agogo ne. Mafi yawan bugun da zuciya ke iya yi a minti ɗaya yana raguwa da kusan bugu ɗaya duk shekara, don haka raguwar saurinka ba laifinka ba ne. Carlos Lopes na Fotugal yana da 37 ya ci zinare a gudun fanfalaki na Olamfik a 1984, har yau ana jinjina masa saboda shekarun nan, kai kuwa ka ɗara shi da goma. Ka bar agogon a gida wata guda, ka yi gudun da za ka iya hira a cikinsa.

Wani ɗan'uwa: Malam, yaushe rabonka da sauya takalmi? Kuma a shekarunmu a gwada hawan jini. Ciwon ƙirji ko jiri ana cikin gudu ba abin daurewa ba ne.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Takalmin ya kai shekara uku, zan sauya. Baba, maganar agogo ta taɓa ni, gaskiya da ni kaina na lokacin da nake ɗan shekara 25 nake ta tsere a zuciyata. Ƙanwata, atisayen cinyar nan sau nawa zan fara yi a zama ɗaya?